Kuɗin Teburin Liyafa Ba Duka Ne Sadaka Ba A Wajen IRS

Wani saƙo yana ta yawo a wayoyin 'yan uwanmu mazauna Amurka, musamman a lokacin da masallatai da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa suka shiga kakar liyafar tara kuɗi. Wanda ya rubuta shi bai sa sunansa ba, amma ya yi magana kamar shi ne ya tsara dokar haraji. Ya ce duk wanda ya sayi tebur ko ya ɗauki nauyin liyafa, gwamnati za ta mayar masa da kuɗinsa. Ya ce tikitin ƙuri'ar cin kyauta shi ma sadaka ne. Ya ce kuɗin da aka tura kai tsaye zuwa wani masallaci a gida ana cire shi daga haraji. Ya kuma ce kowa ya nemi rasit na dukkan abin da ya biya, domin wai "sadaka ba ta rabuwa".

Uku na farko ba su cancanci dogon bayani ba. Gwamnati ba ta mayar wa kowa kuɗin sadakarsa: abin da ake yi shi ne a rage adadin kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji, kuma ragin da mutum zai gani a aljihunsa ɗan kaso ne kawai na abin da ya bayar. Tikitin ƙuri'a saye ne na damar cin kyauta, hukumar haraji ta IRS ba ta lissafa shi a sadaka ko kaɗan. Kuɗin da ya tafi kai tsaye Kano ko Zinder ko Kumasi yana da lada a wajen Allah, amma doka ƙungiyoyin da aka kafa a Amurka take duba, irin waɗanda ke ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji.

Na huɗun ne mai cutarwa, domin yana jefa mutum biyu cikin rami ɗaya: mai bayarwa da ƙungiyar da ta karɓa.

Ƙa'idar tsohuwa ce. Tun 1967 IRS ta fitar da hukuncinta mai lamba 67-246 a kan irin waɗannan tarurruka, kuma a 1986 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da ma'anar a shari'ar American Bar Endowment: kyauta ita ce abin da ka bayar ba tare da ka karɓi daidai da shi ba. Idan ka biya ka kuma samu wani abu, to kyautarka ita ce rarar da ta haura darajar abin da ka samu. A ce ɗan kasuwa ya biya dala 5,000 ya zama mai ɗaukar nauyi, aka ba shi tebur na mutum 10, kuma irin wannan abinci da nishaɗi ana sayar da su dala 100 ga kowane mutum a garin. Ya karɓi kayan dala 1,000. Abin da zai rubuta a matsayin kyauta dala 4,000 ne.

Wurare biyu ne mutane suka fi tuntuɓe. Na farko, darajar da ake lissafawa ita ce ta kasuwa, ba abin da ƙungiya ta kashe ba. Ko da wata baiwar Allah mai gidan abinci ce ta dafa shinkafar kyauta, ko mai ɗakin taro ya yafe kuɗin haya, wanda ya ci ya ci abin da ke da farashi. Na biyu, rashin zuwa ba ya goge lissafin. Wanda ya karɓi tikiti ya ajiye a aljihu, ranar liyafa ya kwana a gida, ya riga ya mallaki damar zuwa. Wanda yake son a lissafa masa kuɗinsa duka, sai ya ƙi karɓar tikitin tun farko, ko ya mayar wa masu shiri da shi kafin taro. Gwanjon da ake yi a wajen liyafa ma haka yake: wanda ya san darduma ta dala 200 ce ya taya ta dala 500, dala 300 ce kyautarsa.

Nauyin bai tsaya a kan mai bayarwa ba. Dokar da majalisar Amurka ta yi a 1993 ta wajabta wa ƙungiya, duk lokacin da ta karɓi sama da dala 75 daga wanda ta ba wani abu a madadi, ta rubuta masa cewa rarar ce kaɗai kyauta, ta kuma faɗi ƙiyasin darajar abin da ta ba shi. Ƙin yin haka yana da tara: dala 10 a kan kowace gudummawa, har zuwa dala 5,000 a taro guda. Shi kuma wanda ya ba da dala 250 ko fiye, dole ya riƙe takardar shaida daga ƙungiyar, wadda ta bayyana ko an ba shi wani abu ko ba a ba shi ba. Kada a raina wannan jimla. A 2012 Kotun Haraji ta hana wasu ma'aurata a jihar Texas cire sama da dala 20,000 da suka ba cocinsu. Ba wanda ya musanta cewa sun bayar. Takardar da cocin ya ba su ce ba ta faɗi ko sun karɓi wani abu ba, wadda aka gyara daga baya kuma ta zo a makare. Wanda aka samu ya yi ƙari a lissafinsa zai biya harajin da ya rage, da kuɗin ruwa, kuma ana iya ɗora masa tarar kashi 20 cikin ɗari.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda da saƙon ba. Mutumin da ya yi sati yana tuƙin tasi ko aikin dare, ya zare dala 500 don makarantar yaran unguwa, bai zo don farantin shinkafa ba. A zuciyarsa duka sadaka ce, kuma niyyarsa tana nan inda Mai duba niyya yake. Sai dai IRS ba ta auna zuciya, takarda take karantawa. Haushina yana kan wanda ya zauna ya tsara wannan saƙo ba tare da ya buɗe ko shafi ɗaya na bayanan hukumar ba, alhali kyauta ake samunsu, sannan ya tura wa mutanen da wasunsu ke tsakiyar neman takardun zama, waɗanda ba su da bukatar ko ƙwayar matsala da gwamnati.

Akwai wani tsoro da ya biyo bayan saƙon, wai idan aka sa sunan mutum ko tambarin shagonsa a allon taro, kyautar ta ɓaci. Wannan ba haka ba ne. Bayan taƙaddamar da ta tashi a 1991 kan kuɗin da kamfanin Mobil ke ba wasan ƙwallo na Cotton Bowl, majalisa ta yi doka a 1997 ta raba godiya da talla. Suna, tambari, adireshi da lambar waya godiya ce. Da zarar an ambaci farashi, ko aka ce kayan wane sun fi na kowa, ko aka ce jama'a su je su saya, an shiga talla, kuma kuɗin wannan ɓangare yana iya jawo wa ƙungiya haraji. Layin da ke tsakani ba kullum yake a fili ba, haka nan ƙiyasin darajar abinci ƙiyasi ne, doka gaskiya da hanya mai ma'ana kawai ta nema. A irin waɗannan wurare sai a tambayi akanta mai lasisi. Ɗan kasuwar da talla ce ta kawo shi ma bai yi asara ba, domin yana iya lissafa kuɗin a cikin abin da ya kashe wa kasuwancinsa.

Ya ku shugabannin kwamitoci da ma'ajin kuɗi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku buga darajar abincin a jikin tikiti da takardar gayyata, ku ba masu ɗaukar nauyi zaɓin barin kujerunsu, kuma kada kunyar wani babban mai bayarwa ta sa ku rubuta rasit ɗin da ba gaskiya ba. Kai kuma ɗan uwa, idan saƙon nan ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba. Ka tambayi masu liyafa nawa ne darajar abin da za a ba ka, ka cire shi, sauran shi ne sadakarka a takardar haraji.