Golf TDI: Ƙarfin injin dizal da hayaƙin da ya zame masa ƙarfen ƙafa

A farkon wannan ƙarni babu wata mota da ta fi kwanta wa magidanta a rai a Jamus da maƙwabtanta kamar matsakaiciyar motar iyali mai amfani da man dizal, musamman samfurin Golf TDI na kamfanin Volkswagen. Mota ce mai ƙofofi biyar, wadda ƙofar bayanta ke ɗagawa sama tare da gilashi, tana ɗaukar mutum biyar da kayansu, tana kuma iya tafiyar kusan kilomita 1,000 da tanki ɗaya. To sai dai dabarar da ta ba injin nata ƙarfi da tsimin mai, ita ce kuma ta haifar da hayaƙin da ya jefa kamfanin cikin abin kunya mafi girma a tarihinsa.

Asalin injin

Injiniyan nan Bajamushe Rudolf Diesel ne ya ƙera injin farko irin wannan da ya yi aiki sosai, a birnin Augsburg a shekarar 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba ya bukatar filogi domin kunna wuta. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda har sai ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin 16 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci ake fesa man dizal, sai ya kama da wuta da kansa.

Wannan matsi mai tsanani shi ne sirrin tsimin injin, domin kuwa yana mayar da kaso mafi yawa na zafin man zuwa motsi. Baya ga haka, kowace lita ta dizal ta fi litar fetur yawan makamashi da fiye da kashi 10 cikin 100.

Amma shekara da shekaru ana kallon injin a matsayin na manyan motoci da jiragen ruwa da taraktoci, saboda nauyinsa da ƙararsa da kuma nawarsa wajen ɗaukar gudu. Golf ta farko mai dizal, wadda ta fito a 1976, shekaru biyu bayan ɓullar samfurin, ƙarfin doki 50 kacal gare ta.

Abin da turbo ya sauya

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan hali, kuma su ne ma'anar haruffan TDI, wato turbo da kuma fesa mai kai tsaye cikin silinda.

Turbo wasu ƙananan farfela ne guda biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin, wanda a da yake tafiya a banza, shi ke juya ta farko, ita kuma ta biyu sai ta riƙa cusa ƙarin iska cikin silinda. Sandar takan juya fiye da sau 150,000 a minti ɗaya. Da yake iskar da aka matse takan yi zafi, sai a bi da ita ta wata na'urar sanyayawa kafin ta shiga injin, saboda iska mai sanyi ta fi ƙunsar iskar oksijin. Idan iska ta ƙaru, injin zai iya ƙona ƙarin mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Dabara ta biyu ta shafi yadda ake fesa man. A tsofaffin injina ana fara fesa shi ne a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke gefen silinda, inda ake asarar zafi mai yawa. Injin TDI, wanda ya fara fitowa a motar Audi 100 a 1989, sannan ya shiga Golf a 1993 da girman lita 1.9 da ƙarfin doki 90, yana fesa man ne kai tsaye a kan fistin. Domin man ya ƙone sarai dole ne nozul ya farfasa shi ya zama kamar hazo, abin da ke bukatar matsi mai yawan gaske. A ƙarshen shekarun 1990 Volkswagen ya ɓullo da tsarin da kowace silinda ke da famfonta, wanda matsinsa ya kai kusan ninki 1,000 na iskar da ke cikin tayar mota. Kamfanin Fiat na Italiya kuwa ya bi wata hanya dabam, ta tara man a bututu ɗaya mai matsi da ke ciyar da dukkan silindoji a ƙarƙashin kulawar kwamfuta. An fara ganin wannan tsari a motar Alfa Romeo 156 a 1997, kuma da yake ya fi rage ƙara, shi ne Volkswagen ma ya koma kansa daga bisani.

A kan hanya

Golf ta biyar, wadda ta fito a 2003, ta nuna inda wannan ci gaba ya kai. Injinta na dizal mai lita 2 yana da ƙarfin doki 140, tana wuce kilomita 200 a sa'a ɗaya, tana kuma kai gudun kilomita 100 daga tsaye cikin ƙasa da daƙiƙa 10. A gwajin hukuma tana shan kimanin lita 5 da rabi a tafiyar kilomita 100, tankinta kuma lita 55 yake ɗauka.

Sai dai abin da direba ya fi ji a jikinsa shi ne ƙarfin ja, wato ƙarfin da injin ke murɗa taya da shi. A ma'aunin injiniyoyi na Newton-mita, wannan inji yana ba da 320 tun yana juyin 1,750 a minti ɗaya, alhali takwaransa na fetur mai lita 2 a mota ɗaya 200 yake bayarwa, shi ma sai ya kai juyi 3,500. A aikace, motar da ke cike da iyali da kaya tana iya hawa tudu ko ta wuce tirela ba tare da direba ya yi ta sauya giya ba.

Gwamnatoci ma sun ba da tasu gudummawa. Bayan yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan ɗumamar yanayi, kamfanonin ƙera motoci na Turai sun yi alkawari a 1998 cewa za su rage iskar kabon da motocinsu ke fitarwa, kuma motar da ba ta shan mai da yawa ita ce hanya mafi sauƙi. A Jamus harajin litar dizal ya yi ƙasa da na fetur da kimanin senti 18. Ya zuwa 2011, fiye da rabin sababbin motocin da ake saya a Yammacin Turai masu dizal ne.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana cikin silinda. Zafi mai tsanani da iska mai yawa, waɗanda su ne tushen tsimin mai, su ne kuma ke haɗa sinadarin naitirojin da oksijin su zama wata gurɓatacciyar iska mai illa ga huhu, musamman ga yara da masu ciwon asma. Idan injiniya ya rage zafin domin rage wannan iska, sai baƙin hayaƙi ya ƙaru, shan mai ma ya ƙaru. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da ke haddasa cutar.

An samu maganin baƙin hayaƙin da wata matata da ake sanyawa a bututun salansa, wadda kamfanin Peugeot ya fara amfani da ita a samfurin 607 a shekarar 2000. Ita kuwa gurɓatacciyar iskar naitirojin tana bukatar wani ruwan sinadari da ake kira AdBlue, da tankinsa da na'urorinsa, abin da ke ƙara wa ƙaramar mota tsada.

A 2014 wasu masu bincike na Jami'ar West Virginia a Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa motocin Volkswagen a kan hanya, inda suka ga hayaƙinsu ya sha bamban da na ɗakin gwaji. Ranar 18 ga watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an sanya wa kwamfutar injin wata manhaja mai gane lokacin gwaji, ta rage hayaƙi, idan an koma kan hanya kuma hayaƙin ya kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci miliyan 11 abin ya shafa a duniya, ciki har da Golf. Shugabansa Martin Winterkorn ya yi murabus cikin mako guda, kuma tara da diyya sun ci wa kamfanin fiye da yuro biliyan 30.

A watan Fabrairun 2018 kotun tarayya da ke Leipzig ta ba biranen Jamus damar hana tsofaffin motocin dizal bin wasu tituna, birnin Hamburg kuma ya fara aiwatarwa a watan Mayun shekarar. A 2023 kason dizal a sababbin motocin Tarayyar Turai ya faɗo ƙasa da kashi 14 cikin 100, har motoci masu amfani da lantarki zalla suka sha gabansa, duk da cewa Golf ta takwas da ta fito a 2019 tana fesa ruwan AdBlue a wurare biyu domin tsabtace hayaƙinta.

Ina tsofaffin ke zuwa?

Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Golf sananniya ce a tashoshin motar arewacin Najeriya, ko da yake masu fetur sun fi yawa, domin gwamnati ta daɗe tana tallafa wa farashin fetur, har zuwa watan Mayun 2023, ba tare da dizal ba.

Ga mai sha'awar sayen irin wannan mota, ingancin mai shi ne kan gaba. An ƙera injinan baya-bayan nan ne domin man Turai, wanda tun 2009 farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda ake shigo da man dizal mai ɗauke da farar wuta ninki ɗaruruwa zuwa Afirka ta Yamma, a lokacin da dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar kashi 50.

Man da farar wuta ta yi wa yawa yana toshe matatar hayaƙi, ruwa ko ƙura a cikin tanki kuma suna lalata nozul, wanda gyaransa ke da tsada. Idan matatar ta toshe, hanya mafi arha ga mai mota ita ce a cire ta baki ɗaya. Motar za ta ci gaba da ja da tsimin mai kamar yadda aka ƙera ta, amma hayaƙin da Hamburg ta ƙi yarda da shi sai ya koma huhun mazauna Kano ko Yamai.