Maganin dajin da sai ya ga haske yake aiki

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji daga Zongo zuwa asibitin Sylvanus Olympio ya san wahalar ƙarin ruwan nan: amai, kasala, jiki ya zube. Cikin magungunan da ake ba masu daji akwai cisplatin, mai sinadarin ƙarfen platinum, wanda Amurka ta amince da shi a 1978. Yana kashe daji, amma yana taɓa lafiyayyen nama.

Shi ya sa masana suka nemi maganin da zai shiga jiki ya kwanta shiru, sai an haska shi. A Kanada da Amurka ana gwada TLD-1433, mai ƙarfen ruthenium, kan dajin mafitsara. A zuba shi ta siririyar roba, a haska koren haske, sai ya kashe ƙwayoyin dajin da ke wurin. Ƙwayoyin da suka mutu kan bar alamar da ke farkar da garkuwar jiki. A gwajin ɓeraye, garkuwar ta gane dajin da ya sake dawowa, ta far masa.

Amma fa har yanzu gwaji ne. Wanda ya ce yana da shi a kasuwa, riƙe kuɗinka. Kuma haske ba ya ratsa nama da nisa, dajin da bai yi zurfi ba yake kamawa.

Don haka, ɗan'uwa, in ka ga jini a fitsari kada ka ce tsargiya ce kawai ka wuce shago. Tsohuwar tsargiya kanta tana iya jawo dajin mafitsara. Je asibiti tun da wuri.