Barci mai nauyi da gajiyar rana ga masu maganin yankewar numfashi

Ba kowane minshari ne na gajiya ba. Akwai mutumin da zai yi ta minshari, sai a ji ya yi tsit kamar an shaƙe shi. Can sai ya zabura, ya ja iska da ƙarfi, ya koma barci. Wannan ciwo ne, ana ce masa yankewar numfashi cikin barci. Ba shi ne ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa ba.

Ga yadda abin yake. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yana saki. Ga wasu, musamman masu ƙiba da masu kaurin wuya, naman yana toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na sakan 10 ko fiye. Sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum don ya shaƙi iska, da safe kuma ba ya tunawa. In haka na faruwa sau 30 ko fiye cikin awa guda, ciwon ya yi tsanani. Wani bincike na shekarar 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 936 a duniya, ƴan shekara 30 zuwa 69, suna da shi. In ba a kula ba, yana jawo hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da gyangyaɗi bisa tuƙi.

Na'urar hura iska

A shekarar 1981 wani lokotoro na birnin Sidini a ƙasar Ostareliya, mai suna Colin Sullivan, ya bayyana wa duniya wata na'ura. Tana hura iska a hankali ta cikin tiyo, zuwa wani takunkumi da ake ɗaurawa a hanci. Iskar ce ke riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Masu aikin likita da Faransanci suna kiranta PPC. Har yau ita ce babban maganin wannan ciwo.

Amma wasu suna fara amfani da ita, sai su ajiye ta bayan ƴan kwanaki. Wani ya ce barcinsa ya yi nauyi har iyalinsa sun tsorata. Wani ya ce har yanzu a gajiye yake wuni. Bari mu duba waɗannan koke-koke biyu.

Me ya sa barcin ke yin nauyi?

Barci hawa-hawa ne. Akwai na sama-sama, akwai mai nauyi wanda jiki ke hutawa cikinsa, akwai kuma na mafarki. Mai lafiya yana zagaya su duka cikin kamar minti 90, sa'an nan ya sake, har asuba. Shi kuwa mai wannan ciwo, da ya fara nutsawa sai numfashi ya yanke, ya farka. Shekara da shekaru ba ya samun isasshen barci mai nauyi.

Ran da na'ura ta buɗe masa hanyar iska, sai jiki ya shiga ramuwar barci. Busasshiyar gona ma haka take shanye ruwan farko. Mutum ya kwanta kamar gungume, ya daina juye-juye, minshari ya ɗauke, mafarki ya yi yawa. Da safe kai ya yi nauyi na ɗan lokaci kafin ya wartsake. Wannan alama ce magani ya kama, kuma abin yana raguwa bayan ƴan kwanaki.

To, gajiyar rana fa?

Wasu suna jin sauƙi tun daren farko, wasu sai bayan makonni. In gajiya ta ƙi tafiya, a duba abubuwan nan:

1. Awa nawa ake yi da takunkumi? Awa 4 a dare ita ce mafi ƙaranci da masu aikin likita ke lissafawa, amma babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Barcin mafarki ya fi yawa wajen asuba, kuma cikinsa numfashi ya fi yankewa. Wanda ke cire takunkumi da tsakar dare ya bar kansa ba kariya a lokacin da ya fi bukata.

2. Iska tana zurarewa? In takunkumi bai zauna daidai ba, ko ana barci baki buɗe, iskar ba ta isa maƙogwaro.

3. Ƙarfin iskar ya yi daidai? Lokotoro ne kawai ke gyara shi. Kada a taɓa da ka.

4. Hanci ya toshe? Lokacin hunturu ƙura da bushewar iska suna toshe hanci, suna kuma cika matatar na'ura. A riƙa duba matatar, a riƙa wanke takunkumi da ruwa da sabulu.

5. Wuta tana ɗaukewa? Duk daren da na'ura ba ta yi aiki ba, ciwon yana komowa. Mai hali ya tanadi batir.

6. Ana shan wani abu? Giya, da ƙwayar sa barci, da taramol suna raunana numfashi, suna kuma ƙara kasala.

7. Akwai wani ciwo daban? Ƙarancin jini, da ciwon sukari, da zazzaɓin cizon sauro, da damuwa duk suna kawo gajiya.

In an yi wata 3 ana amfani da na'ura kowane dare, amma gyangyaɗi bai bari ba, a koma wajen lokotoro. A tafi da na'urar, domin yawancinsu suna ajiye lissafin awoyin da aka yi da su.

Gargaɗi

Direban da ke bin doguwar hanya, kamar ta Maraɗi zuwa Damagaram, kada ya kama sitiyari in yana gyangyaɗi. Haka ma ɗan kabu-kabu, da mai injin niƙa, da mai jan ruwa a bakin rijiya. Ran mutum ya fi kuɗin wuni guda.

Ku kuma iyali, ku lura da wannan. Mai ramuwar barci in aka tashe shi yana tashi, ya yi magana daidai. In ya ƙi tashi, ko ya tashi a ruɗe, ko bakinsa ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya mutu, a kai shi likita nan take.

Na'urar tana da tsada, ba kowa ke iya saye ba. Wanda bai samu ba ya rage ƙiba, ya riƙa kwanciya bisa haƙarƙari maimakon rigingine, ya bar taba da giya, ya kuma riƙa zuwa awon jini. Wanda ya samu kuwa ya daure, ya ɗaura ta kowane dare, har da barcin rana. Allah ya ba mu lafiya, amin.