3.3 Noman Ganyayen Miya da Koyar da Baƙin Gona a Ƙasar Gumel

Kamar yadda aka ambata a babi na biyu, ƙasar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda suka faɗa cikin Jihar Jigawa lokacin da aka cire ta daga Jihar Kano a shekarar 1991. Ƙasa ce mai rairayi, daminarta kuma gajera ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. Ba ta da yalwar fadama irin ta ƙasar Haɗeja, saboda haka ganyayen da jama'a suka fi dogara da su su ne waɗanda ke jure ƙarancin ruwa, ko kuma waɗanda za a iya busarwa a ajiye har rani.

Abu ne mawuyaci a ga manomi ya ware gona sukutum don ganye. Yakuwa da rama akan shuka su ne a bakin gona su zama iyaka, ko a tsarma su cikin gero. Zogale kuwa na gida ne, a bayan ɗaki ko jikin danga, inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Lalo da tafasa da gasaya da karkashi ba a cika shuka su ba, da kansu suke fitowa. Gwanintar manomi a nan ita ce ya gane su tun suna ƙanana, ya kauce musu da fartanya lokacin firi da maimai. Kuka kuma ta kaka da kakanni ce, mai gona kan tarar da ita a tsaye.

Muhimmancin waɗannan ganyaye ya fi fitowa fili a lokacin marka, wajen watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuma bai nuna ba. A irin wannan lokaci uwargida kan haɗa ɗan tsaki da zogale mai yawa ta yi dambu, ko ta dafa rama ko tafasa ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, a ci a sha ruwa a koma gona. Dattawan da aka zanta da su sun sha ambaton farin 1973 da na 1984, inda suka ce tafasa da yaɗiya ne suka riƙe gidaje da dama.

Dangane da koyarwa kuwa, ba aji ake shiga ba. Baƙon gona yana iya zama yaro ɗan birni da ya zo hutu, ko amaryar da aka kawo daga wani gari, ko ɗalibi mai tambaye-tambaye. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan haka aka gina koyarwar. Mai wannan bincike ya ga wata tsohuwa a wani ƙauye na Sule Tankarkar tana nuna wa jikokinta da suka zo daga Kano yadda ake tsinkar kan yakuwa ba tare da an tumɓuke ta ba, domin ta sake tofo. Da suka shanya zogale a tsakar rana sai ta sa aka mayar da shi inuwa, tana cewa ganyen da rana ta koɗar ya zama dusa. Wannan magana tata ta dace da abin da masana abinci suka tabbatar, cewa zafin rana na rage sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi. Haka nan ɗan man da ke cikin ƙuli-ƙuli yana taimaka wa jiki ya amfana da wannan sinadari, ke nan kwaɗo ba abincin maneji ba ne kawai kamar yadda wasu ke ɗauka.

Sai dai ba duk abin da ake koyarwa ne ya dace da ilmin zamani ba. Alal misali, ana koya wa 'yan mata su saka kanwa a miyar lalo don ta yi yauƙi, ko a yakuwa don kashe tsami, alhali kuwa kanwa da doguwar dahuwa suna lalata bitamin C. A ganin mai wannan bincike, nan ne wurin da ya kamata malaman gona da ma'aikatan lafiya su sa baki, amma ta hanyar lallashi, don ba a raba tsohuwa da tukunyarta da faɗa.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke rage wannan koyarwa a yau. Na farko, tun da zoɓo ya zama hajar da ake fitarwa ƙasashen waje, ana hada-hadarsa a kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis, wasu manoma sun fara hana tsinkar ganyen yakuwa don gudun kada zoɓon ya ragu. Na biyu shi ne maganin feshi, wanda bai san lalo ba balle gasaya, duk ciyawa ce a wurinsa. A gonar da aka yi wa feshi, ko baƙo ya zo babu abin da za a nuna masa sai gero da yashi, kuma cikin yaran da aka tambaya a garin Gumel akwai waɗanda sun san sunan gasaya amma ba su iya nuna ta ba.