Adaka: akwatin auren da fentinsa ya fi katakonsa daraja

A gidaje da dama na Nguru da Gashuwa da ƙauyukan Karasuwa, har yau akan tarar da adaka a ƙuryar ɗakin tsohuwa, an ɗora ta kan duwatsu saboda gara. A cikinta ake adana zannuwan fita unguwa da turare da takardun gona.

Kafin zuwanta, lefe ne ma'ajin amarya, wato kwandon da ake saƙawa da kaba, wadda ta wadata a dausayin Haɗejiya da Nguru. Sunan kwandon ne ya bi kayan aure har yau. Isowar layin dogo Nguru daga Kano a 1930 ta sauƙaƙa shigowar katako da ƙusa da fenti da kwaɗo, sai akwatin kafinta da na kwano suka soma ture lefe gefe.

Fentin yana kare kwano daga tsatsa, yana kuma suturta katako mai araha, shi ya sa ake lafta masa baƙi ko kore ko ja, a bi shi da zanen furanni. Wannan dabara ta talaka ba a nan kaɗai aka san ta ba. A ƙauyukan Amurka, musamman jihar Fensilbaniya, kafintocin farkon ƙarni na 19 sukan shafa launin da aka dama da ruwan tsami a kan farin katako, su ja shi da mataji ko gashin tsuntsu tun bai bushe ba, har ya fito da jijiyoyi kamar na maɗaci. Gidajen tarihi na can suna adana irin waɗannan akwatuna, kuma masu saye sun fi daraja wanda fentinsa na asali bai taɓu ba, ko da ya koɗe.

A nan kuwa, idan mai adaka ta rasu, magada sukan sayar da ta kwano ga 'yan gwangwan a kan nauyinta, ta katako kuma a mulke ta da sabon fenti, da nufin gyara. Ɓarna ce, domin zanen farko yana nuna hannun wanda ya yi ta da zamanin da aka yi auren. Busasshen tsumma ya isa goge ta, sai a nisanta ta da rana da danshin damina.