Daɓen katako: saye ta intanet ko zuwa kanti?

A ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka, shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki na daga cikin ayyukan gyaran gida da suka fi cin kuɗi. Shekarun baya, mai gida kan je kanti ne ya duba kayan da idonsa, amma yanzu kamfanoni da dama na sayar da katakon ta intanet, galibi a farashi mai rahusa, saboda ba su da ɗawainiyar hayar manyan kantuna da albashin ma'aikata masu yawa.

To sai dai daɓen katako ba kaya ne da ake sauyawa cikin sauƙi ba. Da zarar kafinta ya kafa shi da ƙusa ko gam, gyara kuskure na nufin ɓamɓare ɗakin baki ɗaya.

Ire-iren katakon

Abu na farko da mai saye ke buƙatar sani shi ne kayan sun kasu kashi uku. Akwai tsantsar katako, wanda ake yankowa daga itace guda kamar na oak, mai kaurin kimanin milimita 18 zuwa 20, kuma ana iya kankare shi a sake masa fenti sau da dama. Akwai kuma mai hawa-hawa, inda ake manna siririn katako mai daraja na milimita 2 zuwa 6 a kan falankin da aka harhaɗa. Na ukun shi ne laminet, wanda hoton itace ne kawai aka buga a kan allon garin katako da aka matse.

A hoto, dukkan ukun kan yi kama da juna. Wannan ne ya sa mai saye ta intanet ke dogaro kacokan ga bayanin da aka rubuta, musamman kaurin fatar da ke sama da kuma ƙarfin itacen. A Amurka ana auna ƙarfin da ma'aunin Janka, inda jan oak ke da maki 1,290, farin oak kuma 1,360.

Abin da ido da hannu ke gani

Babbar fa'idar kanti ita ce mutum zai taɓa katakon, ya ga launinsa da gaɓoɓinsa a kan fili mai faɗi. Kamfanonin intanet kan aika ɗan guntun samfuri, wani lokaci kyauta, amma guntu ɗaya ba ya nuna bambancin launin da ke tsakanin falankai, tun da babu itatuwa biyu da suka zama iri ɗaya.

Haka kuma kantuna da yawa kan tura ma'aikaci ya auna ɗakin, su kuma haɗa da aikin shimfiɗawa. Idan matsala ta taso, mai gida ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wanda ya sayi kaya ta intanet ya ɗauko kafinta daban kuwa, yana iya samun kansa tsakanin mai sayarwa da ke ɗora laifi a kan aiki, da kafintan da ke ɗora laifi a kan kaya.

Batun dako ma abin dubawa ne. Tsantsar oak da zai rufe murabba'in mita 40 ya kai kusan rabin tan, kuma direbobi kan sauke shi ne a bakin titi. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kan awon ɗaki saboda yanke-yanke, domin ciko daga baya kan zo da launi daban.

Abin da doka ta tanada

A nan intanet ta fi kanti, aƙalla a Birtaniya. Dokar cinikin nesa ta 2013 ta bai wa mai saye kwanaki 14 bayan karɓar kaya ya fasa cinikin ko da babu dalili, in ban da kayan da aka ƙera musamman bisa odarsa, ko da yake kuɗin mayarwa kan hau kansa. Wanda ya saya a kanti ba shi da wannan dama sai in kantin ya ga dama. Amma idan kayan na da aibi, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba kowanensu kwanaki 30 ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

Darasin Lumber Liquidators

Samun kanti a gari ba shi ne tabbacin inganci ba. Kamfanin Lumber Liquidators na Amurka na da ɗaruruwan kantuna a lokacin da shirin 60 Minutes na tashar CBS ya ba da rahoto a watan Maris na 2015 cewa laminet ɗin da yake shigowa da shi daga China na fitar da sinadarin fomaldihaid fiye da ƙa'idar jihar Kalifoniya. Kamfanin ya dakatar da sayar da kayan a wannan shekara.

A watan Oktoban 2015 kuma ya amsa laifin shigo da katakon oak da aka sare ba bisa ƙa'ida ba daga dazuzzukan gabashin Rasha, mazaunin damisar Siberiya, aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 13 a ƙarƙashin dokar Lacey. A watan Agustan 2024, bayan ya sauya suna zuwa LL Flooring, ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki.

Don haka tambayar asalin itace ta hau kan kowane mai saye. Ɗaya daga cikin hanyoyin tantancewa ita ce tambarin ƙungiyar FSC, wadda aka kafa a 1993 domin shaida katakon da ya fito daga dajin da ake kula da shi.

Danshi ne babban alƙali

Ko daga ina aka sayo shi, katako na kumbura idan ya sha danshi, ya kuma tsuke idan iska ta bushe. Shi ya sa ake ajiye shi kwanaki a cikin gidan kafin a fara aiki, a auna danshin simintin ƙasa, sannan a bar tazarar milimita 10 zuwa 15 a jikin bango.

Wannan ya fi shafar masu sha'awar yin odar irin wannan daɓe zuwa arewacin Najeriya ko Nijar, inda bushewar hunturu ke biyo bayan laimar damina, ga kuma gara. A irin wannan yanayi, katako mai hawa-hawa ya fi tsantsa jure sauyin iska, kuma mayar da kaya zuwa ƙetare abu ne mai wuya da tsada.

Hanyar da ta fi rage asara ita ce haɗa biyun: a duba kayan a kanti ko a nemi samfuri fiye da ɗaya, a sa kafinta ya auna ɗakin da danshinsa kafin a biya, sannan a kwatanta jimillar kuɗi har da dako da aiki da sharuɗɗan mayarwa a rubuce.