Raunin mazakuta bayan shanyewar ɓarin jiki

Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama magidanci a Ƙiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, hankalin iyalansa kan tafi ne kan ƙafa da hannu da baki, musamman idan ta kai ga garzayawa da shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

To amma akwai matsalar da kan biyo baya, wadda kunya ke hana a faɗa wa likita, wato raunin mazakuta da mutuwar sha'awa.

A gidan da ake da mata fiye da ɗaya, akan ɗora alhakin hakan a kan sammun kishiya, alhali kuwa musabbabin yana cikin jikin majinyacin.

Musabbabi

Cutar na aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, abin da kan iya taɓa sassan da ke kula da sha'awa.

Haka kuma hawan jini da ciwon sukari, waɗanda kan haddasa cutar tun farko, su ne dai ke lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ga al'aura.

Wani bincike mai suna SIREN da aka gudanar a Najeriya da Ghana, aka kuma wallafa a shekarar 2018, ya gano cewa hawan jini ne kan gaba wajen janyo cutar.

Baya ga haka, kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira kan yi fama da ciwon damuwa, wasu kuma na fargabar kusantar iyali kada cutar ta dawo, ko da yake likitoci sun ce da wuya hakan ta faru.

Su ma mata masu cutar kan fuskanci raguwar sha'awa da bushewar gaba.

Haɗari biyu

Wasu magungunan hawan jini na iya rage ƙarfin namiji, shi ya sa wasu majinyata kan daina sha a ɓoye. Wannan kuwa na iya janyo shanyewar jiki karo na biyu, alhali likita zai iya sauya maganin da wani.

Haɗari na biyu shi ne maganin maza da ake tallarsa a kasuwanni da tashoshin mota, wanda a wasu lokuta akan gauraya shi da sinadarin Viagra.

Shi wannan magani, da aka amince da shi a Amurka a 1998, kan sa jini ya faɗi warwas idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya, kuma ba a son wanda bai daɗe da kamuwa da cutar ba ya sha shi sai da izinin likita.

Likitoci dai na ba da shawarar miji da mata su je asibiti tare, su faɗi damuwarsu, domin gashin ƙashi da maganin damuwa da daidaita hawan jini kan taimaka wa da dama su koma mu'amalar aure.